Tarihin 404 bashe: Turawa na gyara ta don sha'awa, mu muna auna ta a sikeli

Yau tarihin mota za mu taɓa. Duk wanda ya haura shekara talatin a ƙasar nan, ko a Maraɗi ya tashi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san ƙararta tun bai hango ta ba: Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, wadda muke ce ma kat-san-kat, ko kuma bashe a taƙaice. Ƴan uwanmu na Najeriya akori-kura suke kiran irinta. Sunan bashe daga Faransanci ya fito, daga kalmar da suke kiran tamfol da ita, don a yadda kamfani ya fito da ita bayanta a lulluɓe yake da tamfol bisa wasu ƙarafa masu lanƙwasa.

Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne, a Faransa yanzu haka akwai mutanen da ke ɓata shekara biyu ko uku a garejin gidansu suna tada wannan mota, ƙusa bayan ƙusa, ba don su ɗauki buhu ko guda da ita ba. Sha'awa ce kawai. Mu kuma da ta yi wa bauta shekara arba'in, idan ta tsaya sai mu kira ƴan gwangwan su zo da sikeli.

Kamfanin Peugeot ba da mota ya fara ba. Tun 1810 iyalin suke sarrafa ƙarfe a gabashin Faransa, suna ƙera zarto, daga baya injin niƙa kofi da keke. Zakin nan da ke goshin motar, a jikin zarto aka fara buga shi, don a nuna haƙoransa na ci kamar na zaki. Ita 404 a 1960 ta fito daga masana'antar Sochaux, kuma gidan Pininfarina na Italiya ne ya zana siffarta. Da farko motar gida ce mai ƙofa huɗu. Bashe ɗinta sai a 1967 ta fito, ta gaji 403 bashe wadda dattawanmu suka sani a ƙarshen mulkin mallaka. Salon lambar nan mai sifili a tsakiya kuwa Peugeot ta riƙe shi kamar gadon gida tun 1929, har ta sa kamfanin Porsche na Jamus ya sauya sunan wata motarsa daga 901 zuwa 911.

Sunan da 404 ta yi a Afirka ba a talla ta samo shi ba, a cikin taɓo ta samo shi. A tseren Safari na gabashin Afirka na 1963, motoci fiye da 80 suka tashi, ruwan sama ya lalata hanyoyi, bakwai kacal suka kai ƙarshe, kuma 404 ce ta zo ta ɗaya. Ta sake lashe tseren a 1966 da 1967 da 1968. Daga nan duk wanda ke neman motar da za ta jure gargada ya san inda zai dosa. An ƙera 404 sama da miliyan 2.8 a duniya. A Turai an daina sayar da bashe ɗinta wajen 1979, 504 bashe ta karɓe ta, amma a Kenya sai da aka kai 1991 ana harhaɗa ta.

To yaya aka yi ta cika ƙasar nan? Akwai sababbi da gwamnati da ayyukan raya karkara suka riƙa saye a Yamai, musamman lokacin da kuɗin uraniyom ya shigo, bayan an fara haƙa a Arlit a 1971. Ma'aikatan gona, likitocin dabbobi, ƴan gandun daji, da bashe suke shiga ƙauye. Idan ta tsufa a hannun gwamnati a yi gwanjonta, wani Alhaji ya saye ya ba direba.

Akwai kuma waɗanda suka biyo ta kudu. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma 504 ta daɗe a can har zuwa wajen 2006. Wanga abu ya yi mana amfani fiye da yadda ake zato. Ba motocin kaɗai ba, kayan gyaransu ne suka cika Kano da Kaduna, kuma daga Maraɗi zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, ko daga Damagaram ta Matamaye da Daura, tafiyar yini ce. Makanike ya rasa piyes da safe, ya ba direban layin Kano saƙo, gobe ko jibi ga ta.

Amma hanyar da ta fi daɗin labari ita ce ta hamada. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa, Faransawa da Jamusawa da ƴan Holan, sun gano wata sana'a. Mutum ya sayi tsohuwar 404 ko 504 da araha a ƙasarsu, ya sa ta a jirgin ruwa daga Marseille zuwa Aljeriya, ya tuƙo ta kudu ta Ghardaïa da In Salah har Tamanrasset. Daga can kwalta ta ƙare. Kimanin kilomita 400 na rairayi da duwatsu ke tsakaninsa da In Guezzam, sa'an nan Assamaka, iyakarmu, sa'an nan wasu kilomita kusan 200 kafin Arlit. Wadda ta tsira a sayar da ita a Arlit ko Agadas, ko a gangaro da ita Tawa da Yamai, wasu har Benin da Togo. Kuɗin motar ya biya masa tikitin jirgin sama na komawa gida, ya sha yawon duniya kyauta. Wadda ba ta tsira ba kuwa tana can, gangar jikinta ta zama alamar hanya a cikin yashi. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamba 1978 ya ratsa ta Agadas da Yamai, ya ƙara wa samarin nan zumuɗi. Wannan ciniki bai mutu ba sai a farkon shekarun 1990, da rikici ya ɓarke a Aljeriya, tawaye kuma ya tashi a arewacin ƙasarmu.

Ku lura da wannan, don za mu dawo kansa: motocin da Faransawa ke nema ido rufe yau, su da kansu suka kwaso su suka kawo mana.

A takarda, kayan da bashe ke ɗauka bai wuce tan guda ba. A tashar Tasawa ko Dakwaro ko Mirya ranar kasuwa, babu wanda ya taɓa karanta wannan takarda. Buhunan hatsi da wake a ƙasa, albasar Galmi ko rake a bisa, mutane a kan buhunan, awaki ɗaure a gefe, kaji a rataye ƙafa sama, karen mota kuma a tsaye a ƙofar baya yana riƙe da ƙarfe da hannu guda. Gaba mutum uku ne har da direba, saboda giyarta a jikin sitiyari take, babu abin da ya tsaga kujerar. Wannan gurbin na masu hali ne, ko malami, ko mai gari. Ita ce ta kai kayan ɗakin amarya, ita ce ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ce kuma ta maido da gawa gida. Ƙauyuka da yawa, kafin zuwan kabu-kabu da wayar salula, duk hulɗarsu da birni ta rataya ne a kan bashe guda mai zuwa sau ɗaya a mako.

Kada daɗin tunawa ya sa mu manta ta ci rayuka. Birkin na farko-farkon ba a yi shi don tan biyu da rai ashirin ba, kuma wanda ke zaune a bisa buhu babu abin da ke tare shi idan taya ta fashe. Gidaje da yawa suna da wanda suka rasa a hanyar kasuwa. Laifin lodi ne da talauci, amma a cikin motar aka mutu.

Yanzu ga inda nake son masu saurare su tsaya. Abin da Turawa ke kira tada tsohuwar mota da sauya mata fasali, makanikanmu sun yi shi tun kafin ya zama abin ado, sai dai su ba su da littafi, ba su da kayan aiki sai kile da guduma da kunne. Ita kanta motar ta ba da haɗin kai. Injin esansi ne mai silinda huɗu, lita 1.6 a yawancinsu, an kwantar da shi a karkace, kana buɗe gaba ka ga komai a fili: ga karburater, ga delko, ga buji huɗu. Akwai kuma mai gazuwal, injin Indenor, marar sauri amma mai haƙuri. Babu kwamfuta ko guda a jikinta. Wuta da mai da iska, idan ukun nan sun haɗu dole ta tashi, in batir ya mutu a tura.

Bashe ba ta shekara a hannun ɗan kasuwa yadda ta fito daga kamfani. Abu na farko, a ƙara mata lam, wato faifayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin baya, har bayanta ya ɗaga sama kamar tana ruku'u idan babu kaya. Tamfol ya yage, mai walda ya yi mata keji na ƙarfe da benci biyu, da wurin lodi a bisa rufi. Inji ya gaji, a ciro na 504 mai lita biyu a dasa mata. Famfon mai ya mutu a daji, a ɗaura jarka a bisa rufi a saƙalo tiyo, mai ya gangaro da kansa cikin karburater. Tanki ya tsage, a murza sabulu a liƙe. Robar tsohon tub kuwa, wallahi da za a cire ta daga tarihin sufurin ƙasar nan da rabin motocinmu sun watse a hanya. Akwai dabarar da ni ban yarda da ita ba, ta cire ƙaramin abin nan mai daidaita zafin ruwan inji da sunan wai ƙasarmu da zafi. Da sanyin hunturu injin ba ya ɗumama yadda ya kamata, ya sha mai, ya ci kansa. Amma sauran, duk wanda ya san inji zai sara musu.

A garejin nan ne yara da yawa da lakwal ta kora suka samu sana'a. Yaro ya shekara yana wanke piyes da esansi kafin a bar shi ya taɓa kile. Maigidan garejin kuwa yakan tsaya nesa ya ce a taka totur, ya saurara, ya ce silinda ta uku ce ba ta ci. A buɗe a tarar haka ne.

Abu biyu suka karya bashe. Na farko Toyota. Hilux ta fito tun 1968, amma a yankinmu 1987 ce shekarar da kowa ya buɗe ido, lokacin da sojojin Cadi a bisa motocin Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka sa wa yaƙin sunan motar. Mai jan ƙafa huɗu ta shiga yashin da bashe sai an sassauta mata iskar taya an tura. Peugeot ta gwada, wani kamfani mai suna Dangel ya riƙa mayar da 504 mai jan ƙafa huɗu, amma ba su yi yawa ba. Na biyu, karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994. Dare ɗaya kuɗinmu ya rasa rabin ƙarfinsa, duk abin da ke fitowa daga Faransa ya ninka. Masu hali suka koma tashar ruwan Kwatano suna ɗauko tsofaffin motocin Japan, Hiace ta kwashe fasinja a kan kwalta, bashe ta koma hanyoyin ƙauye da ɗaukar itace da bulo. A 2020 Peugeot ta dawo da wata mai buɗaɗɗen baya, Landtrek, wadda ta haɗa da kamfanin Changan na Sin. Kyakkyawa ce, sai dai idan ta yi tari kwamfuta ake jona mata.

Shi wanga sha'awa ta tada tsofaffin motocin kaya, gidanta Amurka ne. Can ne Ford ya fitar da ta farko daga masana'anta a 1925, a kan dala 281, kuma motar manomi ce da magini, kamar dai tamu. Jikokin manoman ne yau ke bin rumbuna da bayan gidaje suna neman Ford F-100 ta 1953 zuwa 1956, ko Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972. Kuma sun rabu gida biyu, har suna yi wa juna dariya. Wasu sun ce sai an mayar da mota daidai yadda ta fito ranar farko, launin fenti, ɗinkin kujera, har irin ƙusar. Wasu kuma gangar jikin kawai suke so. Su sa mata sabon inji mai silinda takwas, birki na zamani, na'urar sanyi, su sauke ta ƙasa har cikinta ya kusa shafar kwalta. A cikinsu akwai masu barin tsohon fentin da rana ta ƙone da ɗan tsatsarsa, su shafe shi da man ƙyalli don kada ya ci gaba, wai shekarun motar ne ba a son a goge. Da direban Dakwaro zai ji ana biyan kuɗi don mota ta yi kama da tasa, da ya riƙe baki.

A Faransa abin ya fi karkata ga gida na farko. Motar da ta haura shekara 30 tana iya samun kartigiris na musamman na kayan tarihi, kuma maimakon a kai ta bincike duk shekara biyu, sai duk shekara biyar. Ana baje kolin tsofaffin motoci a Paris, Rétromobile, tun 1976, kuma Peugeot ta buɗe gidan tarihinta a Sochaux a 1988. Masu 404 suna da ƙungiyoyinsu, suna musayar kayan gyara. A wurinsu bashe ta fi motar gida wuyar samu, don dalili biyu. Motar aiki ce, babu wanda ya lallaɓa ta, kuma gishirin da suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasanta. Waɗanda suka tsira daga gishirin kuma su ne samarin nan suka tuƙo mana ta Assamaka.

Nan ne muke da abin da ba su da shi. Ƙasarmu busasshiya ce. A Amurka masu wannan sha'awa har jihohin hamada irin su Arizona suke zuwa neman gangar da tsatsa bai ci ba, mu kuwa hamadar a ƙofar gida take. Bashe da ta shekara ashirin a yashe a bayan gareji a Tanut ko Abalak, fentinta ya ƙone, gilashinta ya fashe, amma sau da yawa ƙarfenta na nan. Abin da ke kashe tamu ba tsatsa ba ne, lodi ne da ya lanƙwasa shasi, sai kuma sikeli.

Ita bashe ko ta mutu ba ta tafiya a banza, wannan gaskiya ne. Lam ɗinta na zuwa maƙera ya zama adda da gatari da wuƙa, don ƙarfe ne mai kyau. Pon na baya da tayoyinsa ya koma amalanken shanu. Kan injin, da yake na alminiyom ne, a narka shi a Katako ya dawo tukunya. Abin da ya rage a sare da wuta, a loda a tirela zuwa masu narka ƙarfe. Ban ga laifin mai gidan da ya sayar da gangar mahaifinsa ya sayi buhun hatsi ba. Amma a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai mun adana busasshiyar itaciyar Tenere da mota ta kaɓe a 1973, mun yi mata rumfa. Motar da ta ɗauki kasuwannin ƙasar nan a bayanta ita ma ta cancanci rumfa, a Maraɗi ko a Damagaram, da kejinta da bencinta da rubutun da direba ya sa aka yi mata a goshi.

Kuma a ganina, wanda Allah ya hore wa a cikinmu ya so tada guda, kada ya kwaikwayi Bafaranshe ya mayar da ita yadda ta fito daga Sochaux. Wannan tarihinsu ne. Tamu ita ce mai ƙarin lam da injin 504. A gyara birki ya zama na kirki, a sake wayoyin wuta gaba ɗaya don tsofaffin sun bushe suna iya tada gobara, a bar sauran yadda direbobinmu suka san ta.

Wanda zai saya, ya fara da shiga ƙarƙashinta ya duba shasi daga gaba har baya, musamman inda lam ke kamawa. Idan an taɓa yi masa walda a tsakiya ko ya lanƙwashe, a bar ta, sai dai a ciri kayanta. Sa'an nan lambar da ke jikin shasi ta dace da ta kartigiris, don motocin da suka biyo hamada sun sauya hannu sau da yawa, kuma babu daɗi ka kashe kuɗinka jandarma su tsare ta a shingen farko. Inji shi ne mai sauƙi, kayan 504 har yanzu ana samunsu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Abin wuya shi ne ƙananan kaya: fitilun baya, ƙarfen goshi mai zaki, agogon gaban direba, gilashin gaba. Don su kaɗai ya kamata a sayi ta biyu wadda ta mutu, kafin masu sikeli su riga ka.

Sai mai gyaran. Samarin garejin yanzu sun fi sanin babur ɗan Sin da adaidaita, da yawansu ba su taɓa daidaita karburater ba. Waɗanda suka koyi aiki a kan 404 a zamanin Kunce yau sun haura sittin, wasu ido ya raunana, suna zaune a bisa benci a ƙofar garejin da suka bar wa yaransu. A ɗauko ɗayansu a sa masa kujera a inuwa, a haɗa shi da yaro mai ƙarfin hannu, shi yana faɗa yaron na ɗaurewa. Toliye da mai fenti akwai su a kowane gari. Tamfol ɗin kuwa, masu ɗinka rumfunan biki za su yanka shi daidai, in dai an kai musu motar sun auna ƙarafan.